Sanduƙin Makka

Ranar Alhamis ɗin da wa'adin canjin kuɗi zai cika, Ɗahiru ya fito daga gidan ubansa rungume da sanduƙin ƙarfe, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Ai kuwa ɓarawon ne. Makullin da ke aljihunsa a wuyan tsohon yake kwana yake tashi. Wanka kaɗai ke raba su, wankan kuwa Ɗahiru ya jira.

Damina ce, baƙar lakar garin Gadarif na ƙasar Sudan tana cire wa mutane takalma. Ya tare raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ya ce da direban, "Banki, ka yi wa Allah ka yi sauri."

Sanduƙin nan ya girme shi nesa ba kusa ba. Kakansa ne ya taso daga Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Gadarif, ya ce bari ya noma riɗi damina ɗaya ya wuce. Damina ɗaya ta zama talatin da biyu. Da ajali ya zo, ya damƙa wa ɗansa Wada, uban Ɗahiru, sanduƙin, ya ce, "Ƙarasa mini tafiyar nan." Tun daga ranar, duk kaka Malam Wada kan zuba abin da gonarsa ta Simsim ta bari. Dokar gidan ɗaya ce: abin da ya shiga sanduƙin Makka ba ya fita sai ranar tafiya.

Shi kuwa Ɗahiru boko ya bi. Shekara huɗu ya yi a Khartum yana karatun kasuwanci, albarkacin Alhaji Maliki, dillalin da ke sayen riɗinsu. Duk zangon karatu Malam Wada kan miƙo masa kuɗin jami'a, ya ce, "Ga saƙon Alhaji. Ka dawo mini da rasiɗin, mai kuɗi yana son ya gani." Duk Sallah kuma Ɗahiru kan je ya durƙusa ya yi godiya, Alhaji Maliki ya kau da kai, ya ce, "Allah za ka gode wa," ya sako zancen ruwan sama. Kawaici ke nan irin na manya, in ji Ɗahiru.

Da ya dawo da digirinsa, ya kama ɗan ofis kusa da kasuwar amfanin gona, yana koya wa mutane yadda za su tsara dukiyarsu: na ci daban, na iri daban, na tsufa daban. Manoma suna zuwa, matan adashe suna zuwa. Kowa ya ji maganarsa ban da mutum ɗaya, wanda ya haife shi.

Sai Kudu ta ɓalle ta zama ƙasa daban, gwamnati ta fito da sabuwar takardar kuɗi, ta ce duk wanda bai kai tsohuwar banki ba kafin wa'adi, ya riƙe kayansa ya hura wuta. Hankalin Ɗahiru ya tashi. Gumin shekara arba'in, da wasiyyar mamaci, su zama takardar ƙunshe gyaɗa yana ji yana gani? Ya yi lallashi, ya yi bayani, ya zana wa tsohon lissafi a ƙasa da tsinke. Malam Wada ya ce, "Bar shi inda yake."

Abin haushi, a canjin da aka yi can baya, tsohon nan shi ne na farko a layin banki. Yanzu kuwa ko zancen Makka ya daina, ko rakiyar alhazai ba ya zuwa. Tsufa ne, in ji Ɗahiru, tsufa da taurin kai.

Jiya da la'asar haƙurinsa ya ƙare. A gaban mahaifiyarsa da ƙannensa ya ɗaga wa ubansa murya.

"Yaba, wannan jahilci ne! Kakana ya ba ka amana, kai kuma za ka bar ta ta ruɓe don ba ka san darajar kuɗi ba!"

Mahaifiyarsa ta toshe baki da mayafi, ta shige ɗaki. Malam Wada ya ce, "Ma sha Allah, ka yi karatu, ɗana. Khalas, shi ke nan."

Maganar ta yi wa Ɗahiru zafi, wallahi ta yi. Amma ya lallashi zuciyarsa: in ya dawo da sababbin takardu, in ya ga tsohon a jirgin alhazai, ai sai a yafe masa.

Layin bankin ya kai har bakin titi. Awa uku yana tsaye, sanduƙin a ƙirjinsa, yana mamakin rashin nauyinsa. To, takarda ce, ba dutse ba. Saura kaɗan a rufe ƙofa ya isa gaban ma'aikaciyar.

"Nawa ne?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

"Yanzu za mu gani."

Ya murɗa makullin. A sama ga haramin kakansa, farin ƙyallen da aka ɗauko tun daga Haɗeja ba a taɓa ɗaura shi ba, ya yi ja saboda daɗewa. Ya ɗaga shi a hankali.

Ko junai ɗaya babu a ƙarƙashinsa, sai rasiɗan jami'a guda takwas, a jere, an ɗaure su da zare, kowanne ɗauke da sunan Ɗahiru Wada.