Rumfar Gwaggon Hawa na Uku

Da Ciyaman ya leƙo ta tagar falonsa ya ga rumfar, sai da shayi ya sarƙe shi. Sanduna huɗu ne da tsohon tampol, an kafa su a tsakiyar haraba, daidai inda yake ajiye motarsa. A ƙarƙashi kuwa Gwaggon hawa na uku ce a kujerar roba, tana fiƙe fensir da reza.

Gidan bene ne mai hawa huɗu, iyalai goma sha shida, kowa da sashen da ya saya. Matakala da rufi da haraba mallakar kowa ne, shi ya sa aka kafa ƙungiyar mazauna. Shekara tara Ciyaman yana shugabancinta. A falonsa na hawan ƙasa ake taro, domin ya ninka na kowa faɗi, kuma ba ya gajiya da faɗin haka.

Wata uku da suka wuce ya sa aka sare bishiyar lemun tsamin da ke harabar, wai tsuntsaye suna ɓata masa gilashin mota. Mijin Gwaggo ne ya dasa ta shekarar da aka tare a gidan, kuma ba a yi wata biyu da rasuwarsa ba aka kawo gatari. Gwaggo ta sauko haraba. Ta tsince lemun da ya zube, ta hau sama.

Ciyaman ya fito yana huci. "Gwaggo, wa ya ba ki izinin wannan gini?"

"Gini kuma, ɗan nan? Inuwa ce. Wadda aka sare nake mayarwa."

"Haraba ta kowa ce!"

"Haka na sani. Ai ni ma ina cikin kowan."

Sati guda motarsa tana kwana a bakin titi, ranar Asabar ya kira taro. Bai samu yadda yake so ba. Mai kemis ya ce tsohuwa ce, a ƙyale ta. Malamar makaranta ta duƙar da kai tana danna waya. Ba wanda ya san Gwaggo sosai. An dai ɗauka tsohuwar tela ce, saboda tef ɗin awo da ba ya barin jakarta.

Ita ce ta yi magana a ƙarshe, a natse. "Ƙungiya ba ta da ikon rushe ko akurki. Hukumar tsara birni ce ke da shi, ita kuwa ba ta fitowa sai mazauna sun roƙe ta ta auna gidan duka da taswirar asali. Wannan ya fi ƙarfinka, Ciyaman. Ka tsaya a kan tsuntsaye."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya mayar da ita tari. Da za ta fita, Gwaggo ta ƙwanƙwasa bangon falon da bayan yatsa, kamar mai zaɓen kankana.

Kafin azahar Ciyaman ya rubuta takardar ƙorafi. Ya zaɓi kalmominsa yadda ba za a samu hanyar roƙo ba: a auna gidan gaba ɗaya, duk abin da ba ya cikin taswirar asali a rushe shi, ba sani ba sabo. Ya bi ƙofa ƙofa yana karɓar sa hannu. Don ya ƙona mata rai, har ƙofar Gwaggo ya buga.

Ta karanta sau biyu, ta gyara masa lambar fili da fensir, sannan ta karɓi biro ta sa hannu. Rubutu ne a karkace, mai doguwar jela da ta lanƙwaso ta ƙasa, da ɗigo biyu a gefe. Ya sauko yana murmushi. Tsufa, in ji shi, ya fara taɓa ta.

Bayan sati uku jami'in hukuma ya iso da leburori biyu, da gwangwanin jan fenti, da wata naɗaɗɗiyar taswira da ta yi ruwan ƙasa don daɗewa. Rumfar ba ta ci minti biyar ba. Gwaggo da kanta ta kwance igiyoyin, ashe ko rami ba a haƙa wa sandunan ba. Ciyaman ya miƙa hannu zai yi godiya.

"Ba mu gama ba, ranka ya daɗe," in ji jami'in. "Gidan duka ka ce."

Aka auna rufi, aka auna matakala hawa hawa, komai daidai. Da aka zo falon Ciyaman, jami'in ya ja tef, ya dubi taswira, ya sake ja. Sannan ya ɗaga wa lebura kai.

"Rabin falon nan a kan hanyar gudun gobara yake. Hanyar ta mazauna ce duka."

"Haka na saye shi!"

"To, wanda ya sayar maka ya haɗa maka da abin da ba nasa ba. Kana da kwana ashirin da ɗaya ka rushe shi. Wurin motar nan ma gurbin bishiya ne a takarda."

Jan fenti ya hau bango, yana tsiyaya a kan tagar da Ciyaman ya saba leƙe. Matarsa ta ɗora hannu a ka. Mazauna suka jeru a matakala, ba mai tari. Gwaggo tana naɗe tampol ɗinta, kusurwa kan kusurwa.

Ciyaman ya fizge taswirar. "Ƙarya ne! Wane jahili ne ya zana wannan?"

Jami'in ya ɗora yatsa a kusurwar ƙasa, inda mai zane ke sa hannu. Tawadar ta koɗe, shekara talatin da huɗu ba wasa ba, amma doguwar jelar tana nan a lanƙwashe, da ɗigonta biyu a gefe.