Jar Daliyar Haradhan

Haradhan Pal ya tura hannu cikin tukunyar furensa, ya ciro saiwar daliyarsa a ruɓe, tana wari.

Bai taɓa ganin haka ba. A garinsu Chandannagar damina tana kashe furen daliya, kowa sai ya sayi sabon reshe idan ruwa ya ɗauke. Tasa kaɗai ke sake tsirowa a bayan kicin duk shekara, ja wur, faɗin furenta kamar faranti. A can ya fara tsintar ta, ya ce shi ya fitar da irin, ya raɗa mata suna Jar Haradhan. Da ita yake cin gasar furanni ta hunturu.

Matarsa Malati ba ta da izinin taɓa ta.

"Ke! Kina ji? Janye hannun ƙarnin kifin nan daga furena."

Haka yake kiranta, ke. Fitarta ɗaya a shekara, ƙauyensu Jirat bayan bikin Durga, ta dawo da kwandon alayyahu. Bana ta mutu da bazara. A bakin kogi, wurin ƙona gawa, yayarta ta yi ta kururuwa da wani suna na ƙuruciya. Haradhan ya ce a rufe mata baki.

Yanzu gasa ta matso, tukunya kuwa fayau.

Ya bi masu sayar da dashe ɗaya bayan ɗaya, ko wani ya taɓa satar masa reshe. Wannan ya nuna masa ja mai suna Sarauniyar Dutse. Na gaba ya nuna masa ita ɗin dai, ya kira ta Jinin Damisa.

"Jar wa?" in ji mai dashen. "Dattijo, kowa da sunan da yake laƙa wa tasa. Saya ka kira ta surukarka ma."

Daga ƙarshe aka tura shi Jirat, wurin wani tsoho gwauro, Nitai Mondal, mai kai dashensa kan duwatsu su yi damina.

Daliyar tana nan a ƙarshen lambun Nitai, ta fara buɗewa. Ja wur.

"Ɓarawo! Jar Haradhan ce wannan!"

Nitai bai ko ɗago daga yayyafin da yake yi wa furanni da buta ba.

"Sunanta Tuni, yallaɓai. Ni na fitar da ita daga iri tun ina saurayi. Ba ta sayarwa ba ce."

"Tuni? Sunan wace banza ce wannan?"

"Sunan gida ne na wadda na yi dominta. Aka aurar da ita birni. Ita kaɗai nake ba reshe." Ya ajiye butar, ya dubi hanya. "Bana shiru, ban san lafiya ba. Bayan bikin Durga take zuwa, ta ɓoye shi ƙarƙashin alayyahu. Wai duk shekarar da mijinta ya ci gasa, ba ya dukanta."