Marsandin Da Ba Ta Shiga Lungu

Ikram ta sauka daga babur a bakin gareji, bayan Titin Koudoukou. Yau za ta ce wa saurayinta Nasidi ya haƙura da ita.

Tsohuwar Marsandinsa ce sila. Ya rage mata tsayi har cikinta na neman taɓa ƙasa, abokansa na yi mata kirari. Amma lungun su Ikram a unguwar Yakité duk ramuka ne, motar ba ta shiga, shi kuma ba ya iya barin ta a titi. Jiya Baba ya yanke hukunci: wanda ya fifita ƙarfe a kan gaida manya ba surukinsa ba ne.

Ta tarar da shi a ƙarƙashin motar.

"Nasidi, fito, muna da magana."

Ya fito, baƙin mai har goshi. Ta buɗe baki ke nan, sai ta hango gajerun sifirin da ya rage wa motar tsayi da su, waɗanda yake taƙama da su, zube a ƙasa.

"Me kake yi mata?"

"Ɗaga ta nake yi." Ya sunkuyar da kai yana juya sifana. "Abokaina sun ce na ɓata ta."

"Kai fa, me ka ce?"

Ya ɗago ya dube ta. "Ki gaya wa Baba gobe bayan la'asar zai gan ta a ƙofar gida."

Ikram ta nemi maganar da ta kawo ta, ta rasa.

"Ka dai wanke hannun nan kafin ka miƙa masa," ta ce.