Mai Masana'antar Man Kaɗe da Itacen Araha

Tunda ka ce masana'anta za ka buɗe, ɗana, saurara in ba ka misali.

An yi wani mutum mai masana'antar man kaɗe a bayan gari. Da damina matan ƙauyuka kan tsinci ƙwarar kaɗanya a dawa, su dafa, su shanya, motocinsa su bi kasuwanni suna kwasowa. Aiki ya yi albarka, har ya ƙara ma'aikata. Sai dai tukunyar da ke ba injinansa tururi itace take ci, kuma duk wanda ya kawo da araha a hannunsa ake saye, ba a tambayar inda ya saro. Ƙanwarsa, wadda ke kula da sayen kaya, ta lura yawancin itacen na kaɗanya ne, don ya fi riƙe wuta. Ta ce, "Yaya, uwar muke ƙonawa don mu dafa 'ya'yanta. Mu koma hura wuta da ɓawon ƙwarar da muke zubarwa mana." Ya ce gyaran tukunya zai tsayar masa da aiki, dawa kuwa ba ta ƙarewa.

A hankali motoci suka fara dawowa da rabin kaya. Aka shiga tura su nesa, har kuɗin man fetur da suke sha ya fi abin da suke ɗaukowa. Injina suka koma yau aiki, gobe shiru, ma'aikata suka watse. Ran nan ya tafi da kansa ƙauyen da ya fara sayen ƙwara tun yana saurayi. Inda ya san inuwa, da mata suna tafe suna waƙa da ƙorai a ka, sai kututture birjik cikin rana. Wata tsohuwa da ta gane shi ta gaya masa 'ya'yanta sun tafi birni wanke-wanke, don babu abin tsinta. Ya tambaye ta in aka dasa kaɗanya bana, yaushe za a tsinta. Ta dubi furfurarsa, ta ce, "Sai jikokinka, Alhaji, in Allah ya yarda."

Ya daɗe zaune a kan wani kututture yana shafa shi da tafin hannu. An ce har yau in damina ta faɗi yakan koma can ya zauna, yana kallon hanyar da matan nan suke bi a da.

Shi ya sa Hausawa suka ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take.