Fure Mai Ganye Bakwai

Baldomero ya diro daga motar kaya rungume da furen gwangwani, na ƙarshe da Kaka Rosalba ta yanka kafin almakashi ya fi ƙarfin hannunta. Ganye bakwai, kamar kullum. Sauran matan hamada biyar suke yi.

"Ka kai wa kakanka," ta ce masa ranar da za ta cika. Shekara arba'in tana zuwa nan duk Nuwamba, ba ta taɓa yarda a raka ta ba.

Garin ya mutu tun da aka rufe masana'antar gishirin taki. Gidan manaja kaɗai ke tsaye, da barandar katakon da aka kawo ta jirgin ruwa tun ƙarnin da ya wuce. Daga barandar nan manajan, wani Bature Mista Garroway, ya ɗaga hannu, sojoji suka buɗe wa masu yajin aiki wuta. Baldomero ya san labarin kamar sunansa, don sunan ma na mijin Kaka ne da aka harbe ranar. Ita kuwa, da take wanki a gidan lokacin, in an tayar da zancen sai ta tashi ta haɗa shayinta na ƙarfe huɗu.

Ya sami kabarin mijin Kaka a maƙabartar leburori. A ƙasar da ba a ruwa, ko furen takarda yakan shekara goma. Kaburburan gefe sun sha ado. Wannan ko guntun wayar fure babu.

Ya nufi mai gadin gidan manajan, wani tsoho da ake kira Don Nicanor, yana huci.

"Don Nicanor, har matattu kuke bari a yi wa sata?"

Tsohon ya ƙirga ganyen furen da yatsa. Sannan ya daɗe yana kallon idanun saurayin, idanun magen nan irin na Turawa da aka sha tsokanarsa a kansu.

"Wa zai saci gwangwani, ɗana? Ko jaki ba ya ci." Ya cire hularsa. "Ashe Doña Rosalba ta tafi. Biyo ni, ba can take zuwa ba."

Suka zaga bayan gidan. Ƙarƙashin busasshiyar bishiya, furanni ne jibge a kan farin dutsen wani kabari, kowanne ganye bakwai. Baldomero ya durƙusa, ya ture su, ya haɗa baƙaƙen da ke jikin dutsen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ita ta koya masa: Edmund Garroway.