Layin da Ya Yi Shiru a Bakin Ƙofa

Tunda ka ce maƙwabcinka a ofis yana yi maka zagon ƙasa, ɗana, zauna in ba ka misali. An yi wani mai rubuta manhaja a wani kamfanin ƙyanƙyasar ƙwai. Injinan ƙyanƙyasar suna can gona bayan gari, shi kuwa aka sa shi ya haɗa manhajar da za ta zauna a ofis tana sauraron zafinsu, ta yi ƙara in ya sauka. Irin wannan manhaja ba aike take yi ta dawo ba. Layi ɗaya take buɗewa ta riƙe, kamar mutum biyu da suka ɗaga waya ba su ajiye ba. Amma duk abin da zai fita daga ofishin zuwa intanet sai ya bi ta na'ura guda mai tsaron ƙofa, wadda ba ta barin kowa ya wuce sai ya faɗi suna da kalmar sirri. Ya ba manhajarsa suna da kalma, ƙofa ta buɗe, layi ya kama. Can sai ya yanke. Ya sake haɗawa, ya sake yankewa. Mutumin da ke kula da ƙofar kuwa sun taɓa neman kujera ɗaya da shi. Daga nan ya fara zaton shi ne ke yanke masa layi, yana lura da shi: yadda yake rage murya a waya, yadda yake murmushi in sun haɗu wajen alwala. Teburansu na kallon juna, amma bai taɓa tambayarsa ba. Ya sayo tsohuwar waya, ya zuba mata data, ya ɓoye ta a aljihun tebur, ya bi da layin ta cikinta. Ya zagaye ƙofa, ya sami barci.

Ranar da aka tafi hutun Sallah datar ta ƙare. Washegari wani inji ya huce a gona, manhaja ba ta ji ba, ba ta yi ƙara ba. Da aka dawo aka riƙa fasa ƙwai ana samun 'yan tsaki da gashinsu, a sandare. Masu bincike suka ja aljihun tebur suka ga wayar, suka ce ga wanda ke fitar da sirrin kamfani ta bayan gida. Ya rantse, ba wanda ya yarda, don mai gaskiya ba ya ɓoye waya. Aka sallame shi daga aiki. Yana kwashe kayansa mai kula da ƙofa ya zo ya tsaya, ya ce, "Malam, ai ƙofar ce da kanta take rufe duk layin da ya daɗe shiru. Da ka sa manhajar tana ɗan cewa 'ina nan' lokaci-lokaci, da ba ta taɓa yankewa ba." Ya riƙe masa kwali har bakin titi.

Zatonsa bai ma zama gaskiya ba, ɗana. Hausawa kuwa sun ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.