Sunan da Ya Rage a Bakin Hajiya

"Abdulhafiz," in ji Hajiya Fatsuma, tana kallon cokalin da aka ɗaga mata.

Fareeda ta ajiye cokalin. Ɗaliba ce mai bincike kan manyan da magana ta ƙwace musu bayan rauni a ƙwaƙwalwa, abin da ke kawo ta gidan nan na Agege ke nan. Tun da aka tsinci tsohuwar a gindin matakala kanta a fashe, wannan suna kaɗai ya rage mata. A nuna mata ruwa, Abdulhafiz. A nuna mata kofi, Abdulhafiz.

Wanda ya tsaya wa Fareeda a rai shi ne Yari, ɗan Hajiya, mai sayar da raguna a Alaba Rago. Da zarar sunan ya fito sai ya sunkuyar da kai ya fice. Ta tambayi 'yan hayar gidan, babu wanda ya san wani Abdulhafiz. Anya faɗuwa ce kuwa? Ko dai turo ta aka yi, ɗan yake rufa wa wani asiri?

Yau ta bi shi har baranda.

"Oga Yari, ka gaya mini gaskiya ko in kai maganar gaba. Wane ne Abdulhafiz?"

Ya juyo, hawaye sun jiƙa masa gemu.

"Ni ne, Malama, sunana na yanka ke nan. Ni ne ɗanta na fari, kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunana ba. Sai yanzu da na yi furfura nake jin sa a bakin uwata."